Yadda guntun biliks ya cinye mani fim huɗu a Argungu

Wanga abu na biliks, ɗaya daga cikin magungunan wanke fim, a watan Afrilu ya same ni, tsakiyar zafin nan da ko akuya inuwa take nema, kuma tun lokacin nake cewa zan rubuta shi saboda masu wanke fim a gida, duk da dai mu masu wagga sana'ar wahala a Kebbi keke napep ɗaya ta ishe mu. Amma ko mutum ɗaya ne ya karanta ya tsira da fim nai ai an rage asara.

Injin da nake aiki da shi Jobo CPE-2 ne, tsoho, na hannu, wani abokina da ke karatu a Jamus ya samo mani ya aiko. Kamfanin na garin Gummersbach ne, tun 1923 suke, kuma da yake na Jamus ne wutarsa ta zo daidai da tamu, ba kamar na Amurka ba da sai ka nemo masa taransifoma. Ga wanda bai taɓa gani ba, baho ne na roba mai hita a ciki, ka cika shi da ruwa, kwalaben magani su zauna cikin ruwan su ɗau zafi, tankin fim kuma yana kwance a gefe mota na juya shi gaba da baya, gaba da baya. Nawa ya zo da abin da suke cewa lif, shi ne wani hannu mai mazurari a sama, ta nan kake zuba magani tanki na cikin juyawa, in lokaci ya cika ka ɗaga hannun, tanki ya karkace maganin ya fito ta tiyo a gefe. Daɗin aiki ne wallahi, baka taɓa murfi, baka ɓata sakan ko ɗaya. Sai dai ka riƙe wannan, duk maganin da zai shiga da wanda zai fita ta maƙogwaro ɗaya suke bi. Ni ban riƙe ba.

Fim mai kala nake wankewa, tsarin C-41 wanda Kodak ta fito da shi a 1972, har gobe kuma shi ake yi. Difelofa, maganin farko mai fito da hoto, a digiri 37.8 na minti 3 da sakan 15, ba ƙari ba ragi, daga nan biliks, wato bilic da fiksa, magunguna biyu masu fidda azurfar da ke cikin fim, da anka haɗa wuri ɗaya kamar yadda yawancin kit na gida ke zuwa, sai ɗauraya, sai sitabilaiza, ruwan ƙarshe kafin a shanya fim. Kit ɗin na lita 1 ne na ruwa, sai na raba na haɗa rabin lita na ajiye sauran, dan difelofa in an haɗa ta bata daɗewa, iska na kashe ta. Tankina samfurin 1520 ne, mai cin fim biyu na 35mm, kuma a kwance mil 240 kawai yake sha. In na gama sai in tare difelofar ta tiyo in maida kwalba, dan magani ba a nan ake saida shi ba, sai ka yi oda ka jira ka gaji.

Wankin farko fim biyu ne Kodak Gold 200 da na ɗauka bakin kogin Matan Fada da sassafe, ba lokacin bikin kamun kifi ba, ranar banza ce, masunta da gorunansu da homa suna nasu aiki ba ruwansu da kowa. Sunka fito tas. Gefen fim ɗin ruwan lemo garau, lambobi raɗau, da na sa a sikana har hazon da ke saman ruwa ya fito da launinsa. Ranar kam ban bar kowa ya huta a gida ba.

Bayan kwana uku na wanke biyu, na kasuwa da na fadamar shinkafa. Sunka fito dai, amma akwai wani abu, kamar an shafa masu ƙura, inuwa bata yi baƙi sosai ba, koren shinkafa ya yi wani dishi-dishi. Nace ƙila rana ce ta yi yawa. Na gyara a kwamfuta na wuce.

Na uku shi ne ya tada mani hankali, dan fim biyun bikin ɗiyar yayata ne, tun daga kamu har kai amarya, kuma ni na cika baki nace a bar mani, zan yi masu hoto irin na da. Da na zaro fim daga ril, abin da ake naɗa shi a kai cikin tanki, tun kafin ya bushe gabana ya faɗi. Ruwan lemon nan ya koma kamar ruwan kwata, duhu-duhu, har wurin da haske bai taɓa ba tsakanin hoto da hoto ya yi dauɗa, ga wasu layuka dogaye sun bi tsawon fim ɗin, ga tabo kamar sawun kumfa a gefe wajen hudojin. A sikana in ka gyara fuskar amarya farar shaddar ango ta karkace, in ka gyara shadda fuska ta koma wata kala, launukan sun sarƙe babu yadda za ka yi su zauna tare.

To sai na shiga neman mai laifi, kuma kamar kowa, da na nesa na fara. Na farko zafi. CPE-2 ɗumama ruwa kawai ya iya, bai iya sanyayawa, mu kuma a Afrilu ruwan tankin saman gida da rana ya fi digiri 38 ɗin da ake nema, sai na jefa fiyawata mai ƙanƙara cikin bahon kafin ya sauko. Nace ƙila ya haura ban lura ba. Amma ina rubuta zafin kowane wanki a littafi, duka ukun kusan ɗaya ne, kuma zafi in ya ɗan haura hoto zai yi kauri ne ya yi ƙarfi, ba wagga dauɗa ba. Na biyu nace fim ɗin ne ya dahu a hanya, amma duka shidan kwali ɗaya ne, firij ɗaya sunka kwana, me zai sa biyu su fito lafiya. Na uku ruwan bohol, shi ma da shi na yi na farko. Har kyamara na zarga, Pentax K1000 ce tsohuwa, nace ko haske na shiga ta baya, amma hasken da ya sato shiga tabo yake yi wuri-wuri, ba ya bin fim gaba ɗaya daidai wa daida. A ƙarshe na tsaya kan cewa an saida mani mataccen magani, har na rubuta wa mai kayan saƙo mai zafi, Allah ya taimake ni ban tura ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon mai hoto ne, ya yi situdiyo shekaru masu yawa kafin waya ta kashe kasuwar. Shi baƙi da fari ya wanke da hannunsa a ɗakin duhu, mai kala kuwa a zamaninsu direba ake ba a tasha ya kai Sakkwato ko Kano a wanko. Bai taɓa ganin Jobo ba. Ya zo gaida innata sai na jawo shi ɗakin na nuna masa dodon hoton guda shida a jere jikin taga. Ya daɗe yana kallo, ba hotunan yake kallo ba, gefe yake kallo, yana bin su da farce.

Yace "Ɗan nan, wanga ba aikin kyamara ba na. Kyamara bata taɓa gefe. Kuma ka ga na biyu ya hi na hwarko dauɗa, na ukku ya hi na biyu. Abin da ka ƙaruwa haka cikin kwalba shi ke."

Nace Kawu ai kwalabena daban-daban ne, kowace da sunanta, ban taɓa haɗa su ba.

Yace in nuna masa yadda nake yi tun daga farko, da ruwa kawai. Na nuna. Difelofa ta mazurari, ɗaga, biliks ta mazurari, ɗaga, daga nan na cire tanki daga inji na nufi waje da shi. Yace ina zuwa. Nace ɗauraya Kawu, a bakin famfo nake yi da hannu, dan in kashe jen da wuri, ka san kuɗin mai.

Yace "To mi ka zuba ƙarshe cikin bakin wanga inji?"

Nace biliks.

"In ka dawo bayan kwana ukku mi ka hwara zubawa?"

Ban amsa ba, dan amsar ta riga ta dake ni. Tankin ma a bushe nake ɗumama shi minti biyar kafin in fara, ban jiƙa fim da ruwa, kenan babu ko kofi ɗaya na ruwa da ya taɓa bin hanyar nan tsakanin biliks na wancan wanki da difelofar wannan. Wankin farko ya tsira ne kawai dan injin ya zo a wanke.

Munka ɗauko farin kwanon roba munka tara a bakin tiyo, na sa tanki babu komai na zuba ruwan ɗumi mil 240 ta mazurari ya ɗan juya na ɗaga. Ruwan da ya fito kamar an tsoma ganyen soɓorodo ɗaya an cire, ja-ja mai haske, ga wasu ɓarɓashi suna yawo a ƙasan kwanon. Na cire tiyon na haska da tocilan waya, cikinsa duk ya yi ɓawo, ja-ja mai duhu a lanƙwasar da ruwa ke kwanciya, fari-fari kamar kanwa a bakin. Zafinmu ya busar da guntun biliks ɗin ya zama gishiri, yana zaune yana jiran difelofa mai digiri 38 ta zo ta narkar da shi. Sai da na zuba ruwa sau biyar kafin ya fito fari.

Kawu yayi dariya yace su a ɗakin duhu doka ce, hannun dama na difelofa, na hagu na fiksa, yaron da ya tsoma hannun fiksa a tiren difelofa ranƙwashi ne kafin bayani. Yace "ruwan alwala sai ya sake launi ko ɗanɗano ko wari kake barinai, difelofa kam ko bata sake komi ba ta riga ta mutu." Kuma gaskiyarsa, kwalbar tawa in ka kalle ta ba za ka ce da wani abu ba, ɗan duhun da ta yi na ɗauka na tsufa ne.

Dalilin da yasa abin ya yi muni haka sai da na zauna na fahimce shi daga baya. A fim mai kala, difelofa na aiki kan azurfar da haske ya taɓa, a wurin aikin nan sinadarinta, wanda ake cewa CD-4, yana ƙonewa, wato ya canza, kuma wannan canjajjen shi ke haɗuwa da abubuwan da ke cikin fim ya haifi rini. Inda haske ya taɓa nan rini ke fitowa, shi ne hoto. To shi bilic aikinsa kenan ƙona abu, gishirin ƙarfe ne, shi ya ba shi jan launin nan. In ya faɗa cikin difelofa sai ya ƙona CD-4 tun ba a kai ga azurfa ba, rini ya fito ko'ina, inda haske ya taɓa da inda bai taɓa ba. Ita kuma fiksa narkar da gishirin azurfa take yi, in ta shigo da wuri sai ta fara cinye abin da difelofa bata gama aiki a kai ba. Kuma fim mai kala hawa-hawa ne, ɓarnar bata faɗa wa kowane hawa daidai, shi yasa launukan ke sarƙewa har kwamfuta ta kasa. Biliks kuwa duka biyun ne a kwalba ɗaya, mugu da ƙanensa.

Abin da ban gane ba tun farko shi ne hanyar ba ɗaya ba ce gaba da baya. Ɗan difelofar da ke maƙale jikin fim ta bi shi zuwa cikin biliks, wannan dole ne, an san da shi, illarsa a hankali take zuwa, tana rage masa tsami ya yi sanyin aiki har wata rana ya bar azurfa cikin fim. Amma biliks ya komo baya cikin difelofa, wannan ko kaɗan ba a yafe shi. Kuma inji mai juyawa ya fi kowa tsarguwa saboda maganin kaɗan ne. Tankin nan nawa in da hannu za ka juya shi a tsaye kusan rabin lita yake ci, a inji 240. Mil 1 kacal in ya shiga 240 ya kusa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ninki biyu kenan na abin da zai zama a tsaye. Ni kuma ga wauta kan wauta, ina tare ta ta tiyon nan mai ɓawo ina maidawa kwalba, ta ɗebo a shiga ta ɗebo a fita, wanki na biyu ta kwaso, na uku ta ƙara kan na da.

Duk da haka ban yarda da ido kawai ba, na gwada. Da dare na rufe sito na kashe komai, na yanko guntaye biyu daga sabon fim da haske bai taɓa ba, ɗaya cikin tsohuwar difelofa, ɗaya cikin sabuwa da na haɗa kaɗan daga ragowar kit, kofuna daban, zafi ɗaya, lokaci ɗaya, sannan biliks. Na sabuwa ya fito ruwan lemo garau irin na Matan Fada. Na tsohuwa ya fito da dauɗar nan sak. Kenan mai kaya bai cuce ni ba, na je na goge saƙon nan a hankali. Na kuma yanki gefen fim ɗin biki na sake sa shi a sabon biliks, dan in azurfa ce ta rage a ciki hakan na fidda ita fim ya washe. Ko gezau. Rini ne ya riga ya zauna, shi kuma baya fita.

Da ido ya buɗe sai na dinga ganin ƙofofi ko'ina. Ma'aunin zafi ɗaya gare ni, in tsoma a biliks in goge da tsumma in tsoma a difelofa, tsumman kuma shi ne dai na goge tebur. Murafen kwalabe iri ɗaya ne, na tabbata na taɓa musanya su. Kofin awo ɗaya ina ɗan ɗauraye shi sama-sama, alhali roba na riƙe magani a ƙarce-ƙarcenta. Ruwan bahon kansa sati biyu ban canza ba, ga ɗigon da ke zuba ciki daga bakin mazurari, kwalabe na iyo cikinsa har wuya, ka ɗauko kwalba ruwan jikinta na gangarowa zuwa baki daidai lokacin da kake tsiyayawa.

Tabon kumfa kuwa labarinsa daban, laifin sitabilaiza ne, ko ince nawa. Cikin tanki nake zuba ta fim na kan ril. Tana da wani abu kamar sabulu mai sa ruwa ya zame kada ya bar tabo, irin aikin Photo-Flo a baƙi da fari, kuma yana maƙalewa a ramukan ril. Wanki na gaba inji ya kaɗa difelofa da shi sai kumfa, inda kumfa ta zauna magani baya taɓa fim daidai. Shi ne ma dalilin da ril ɗin ke mani gardama wajen ɗura fim cikin jakar duhu, ina ta zagin gumi ashe danƙo ne. Na jiƙa su a ruwa mai ɗan zafi, ba tafasasshe ba kada roba ta lanƙwashe, na bi su rami-rami da tsohon buroshin haƙori.

Yanzu ga yadda nake yi. Ɗauraya a kan inji ake yinta, ta mazurari, sau shida rabin minti-rabin minti, man jen ɗin da nake tattali bai kai kuɗin fim ɗaya ba. In na cire fim sai in maida tanki wayam in ƙara bin hanyar da ruwan ɗumi har farin kwano ya nuna fari, in cire tiyo in wanke in rataye. Ranar da zan sake wanki kuma kafin komai sai na sake gwajin kwanon. Tsakanin difelofa da biliks na ƙara ruwan tsami na rabin minti, farin binega mai kashi 5 cikin ɗari, awo biyu da ruwa awo uku, ya ba ka wajen kashi 2, sai ɗauraya ɗaya. A tsarin Kodak na asali babu shi, daga difelofa sai bilic kai tsaye, amma ga mai biliks yana maimaita shi ni na ga amfaninsa. Kayan difelofa duka, kwalba, murfi, kofi, ɗan mazurarin maidawa, na ɗaura masu shuɗin salatif, na biliks ja, kuma ba sa kwana a kwali ɗaya. Ma'aunin zafi na ƙaro ɗaya, shuɗin baya taɓa komai sai difelofa da ruwa. Sitabilaiza a kwano, fim a zare daga ril. Safar hannu kuma dole, CD-4 na sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje.

Wani abu da innata ce ma ta ja kunnena a kai, ba Kawu ba. Ta ga biliks a gorar lemo da na zuba ragowa tace wannan wa ya haɗa soɓorodo ya ɓoye a sito. Gida mai yara, ranar na canza kwalba na sa kwaɗo a ƙofar. Maganin da ya mutu kuma ban zubar a kwata ko kusa da rijiya, akwai azurfa narke a cikinsa, kuma kwatarmu fadama take gangarawa, a jarka nake tara shi.

Da ragowar rabin kit ɗin na wanke fim shida bayan haka, wanki uku, na jera su jikin taga kusa da na farkon nan, gefensu kala ɗaya. Kawu ya zo ya bi su da farce bai ce komai ba, sai ya tambaya ko injin na wanke baƙi da fari, dan akwai wani fim da ya manta cikin akwati tun kafin a haife ni. Nace sai hunturu Kawu, shi digiri 20 yake so, a zafin nan ƙanƙarar unguwa duka bata isa.

Hotunan biki kuwa na zauna dare biyu na maida su baƙi da fari a kwamfuta, tunda launi ne ya lalace, fuskoki na nan. Cikin saba'in da 'yan kai na tsira da talatin da ɗaya, waɗanda layin bai ratsa fuska ba. Na buga a kati na kai wa yaya ina ta shirya bayani a raina. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe kan na kamu, sannan tace to ina atamfar da munka sha wahalar fiddawa, ko ɗaya ba a ga kalarta ba.